Sabuwar Kyamara Amma Launi Ya Ƙi Fita Daidai: Abin Da Ya Kamata Ku Sani

Mutum zai tara kuɗi ya sayi sabuwar kyamara, ya ɗauki hoton farar shadda, sai ta fito kamar an jiƙa ta a ruwan ɗorawa. Mai ɗaukar hoton biki zai ga fuskar amarya ta yi ja fiye da kima. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari zai tura hoton leshi, bayan kaya sun isa mai saye ta bugo waya ta ce ba wannan launin ta gani ba. Abin da ke fara zuwa a zuciya shi ne an sayar wa mutum da jabu. Galibi kuwa kyamarar lafiyarta ƙalau. Matsalar tana ga hasken wurin, ko saitin kyamarar, ko fuskar na'urar da ake kallon hoton a kai, kuma duk ana iya gano su kafin a koma wurin mai shago.

Farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara ba ya gane launi, ƙarfin haske kawai yake aunawa. Don haka aka shimfiɗa masa ƙananan matatai masu launin ja, kore da shuɗi, inda kore ya ninka kowanne daga cikin sauran biyun. Bryce Bayer na kamfanin Kodak ne ya ƙirƙiro wannan tsari, aka yi masa rajista a 1976, kuma har yau shi mafi yawan kyamarori ke amfani da shi. Daga abin da matatan suka bari ya wuce, kyamara take lissafa launin kowane ɗigo na hoton. Kafin ta yi lissafin, dole ta yanke hukunci a kan abu guda: wane irin haske ne ya haska wurin? Yawancin ɓacin launi daga wannan hukuncin yake tasowa.

Shi kansa haske yana da launi. Idonmu ne ke ɓoye mana, domin ƙwaƙwalwa tana gyara abin da muke gani, farar riga ta zama fara ko a rana ko a ƙarƙashin fitila. Ana auna launin haske da ma'aunin Kelvin. Tsohon ƙwan lantarki mai zare yana wajen 2,700 zuwa 3,200, haskensa ya karkata ga ruwan lemo. Hasken rana tsaka yana kusan 5,500. Ranar da hadari ya rufe sama takan kai 6,500, inuwa kuma 7,000 ko fiye, shi ya sa hoton da aka ɗauka a gindin bango yakan yi shuɗi-shuɗi.

Sabuwar kyamara tana zuwa ne a kan AWB, wato ita ke zaɓa wa kanta irin hasken da ke wurin. A tsakar gida da rana ba ta cika kuskure ba. Amma idan launi ɗaya ya cika hoton, sai ta ruɗe. A wurin biki inda ƙawayen amarya suka yi anko da atamfa ja, kyamara na iya ɗauka hasken ne ya yi ja, sai ta rage jan, fuskoki su koɗe. Haka lamarin yake a lokacin hazo, lokacin da ƙura ke sauya launin sararin sama gaba ɗaya.

Maganin yana wurin da aka rubuta WB. Akwai alamar rana, girgije, inuwa da ƙwan fitila. Ku zaɓi wadda ta dace da inda kuke. Idan kyamarar tana da harafin K, kuna iya saka lambar da kanku. A nan mutane da yawa ke rikicewa: idan hoto ya yi shuɗi, ƙara lambar ake yi, idan ya yi ruwan ɗorawa, sai a rage. Hanyar da ta fi kowace tabbas kuwa ita ce a sami kati mai ruwan toka wanda aka yi don wannan aiki, a riƙe shi daidai inda abin da za a ɗauka yake, a ɗauki hotonsa, sannan a umarci kyamara ta yi awo da shi. Duk mai sayar da yadi ta waya, a ganina, wannan katin ya fi masa sabon gilashin kyamara amfani. Farar takarda tana iya maye gurbinsa idan an rasa, sai dai yawancin takardun ofis an sa musu sinadarin ƙara fari mai ɗan shuɗi, wanda kan sa hoto ya karkata zuwa rawaya.

Akwai inda babu saitin da zai yi magani, wato inda haske iri biyu ya haɗu. Shago mai doguwar fitila a ciki, ga kuma rana tana shigowa ta ƙofa: in an gyara ɓangare ɗaya, ɗayan zai ɓaci. Ko dai a kashe fitilar, ko a fito da kayan inuwa mai haske a waje. Ƙwayayen LED masu araha ma suna da tasu illar, domin akwai launukan da ba su cika a haskensu ba, musamman ja, kuma abin da haske bai kawo ba kyamara ba za ta ƙirƙiro shi ba. Sannan wutar lantarkin Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, wasu fitilu kan yi ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa ba tare da ido ya lura ba. Idan kuka ɗauki hotuna a jere a ɗakin taro kuka ga kowanne da launinsa, ku mayar da saurin ɗauka 1/50 ko 1/100.

Daga nan sai ku duba salon launin da kamfani ya saka. Canon na kiransa Picture Style, Nikon kuma Picture Control. Salon da kyamara ke zuwa da shi an yi shi ne don hoto ya burge ido, yana ƙara wa launi kauri. Mai neman launin gaskiya ya koma Neutral, ko Faithful a Canon. Idan kyamarar ta taɓa zama ta gwaji a shago, hannaye da yawa sun taɓa ta, don haka ku mayar da dukkan saiti yadda ya fito daga masana'anta.

Batun baƙar fata ya cancanci a tsaya a kansa. Shekaru da dama, tun daga wajejen 1950, ɗakunan wanke hoto suna daidaita injinansu ne da katin Kodak mai hoton farar mace, wanda aka sani da katin Shirley. Kyamarorin yau sun yi nisa da wannan, amma ma'aunin haskensu har yanzu tsaka-tsaki yake nema. Idan magidanci ya sha farar babbar riga ta cika hoto, kyamara za ta ga haske ya yi yawa ta rage, rigar ta dushe, fuskarsa ta yi duhu ta rasa ainihin launinta. Sai a ɗauka launi ne ya ɓaci, alhali haske ne bai isa ba. Ku ƙara shi da maɓallin +/-, mataki ɗaya ko ƙasa da haka, kuna lura kada aikin wuyan rigar ya ɓace.

Wani lokaci hoton daidai yake, fuskar na'urar da ake kallonsa a kai ce ke ƙarya. Wayoyi da yawa suna ƙara wa launi armashi, wasu kuma an kunna musu saitin kare ido da ke mayar da komai rawaya-rawaya. Ku kalli hoton a na'urori biyu ko uku kafin ku yanke hukunci. Ku kuma duba ko kyamarar tana kan tsarin launi na sRGB ko na Adobe RGB. Na farkon, wanda HP da Microsoft suka fitar a 1996, shi ne wayoyi da intanet suka saba da shi. Na biyun ya fi faɗi, amma a manhajar da ba ta gane shi ba, launuka sukan fito a dushe. Alamarsa ita ce sunan hoton ya fara da ɗan layi a ƙasa, kamar _MG ko _DSC. Wanda hotunansa WhatsApp da Instagram za su tafi, ya tsaya a sRGB.

Mai ɗauka da RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, yana da sauƙi, domin zai iya sauya saitin WB a kwamfuta ba tare da hoton ya lalace ba, abin da JPEG ba ya jurewa sosai. Sai dai tsohuwar manhaja ba lallai ta san sabuwar kyamara ba. A sabunta ta, ko a yi amfani da wadda kamfanin kyamarar ke bayarwa kyauta.

Idan duk kun bi waɗannan kuma zuciya ba ta kwanta ba, ga gwaji. Ku mayar da saiti na asali, ku cire duk wata matatar gilashi da aka ɗaura a gaba, ku fita da hantsi ranar da sama take garau, ku sa WB a alamar rana, ku ɗauki katin toka tare da yadudduka masu launi daban-daban. In akwai mai irin kyamarar, ya ɗauka tare da ku. Idan taku ta fito da ruwan hoda ko kore a ko'ina, ko rabin hoton ya bambanta da rabi, ko wasu layuka masu launi suna maimaituwa a wuri ɗaya, wannan lahani ne na gaske. Ku adana hotunan yadda suka fito, ku haɗa da rasit, ku mayar da ita tun wa'adin garanti bai ƙare ba.