Asibitin Tanti a Garin Rann

Garin Rann, hedikwatar ƙaramar hukumar Kala-Balge ta Jihar Barno, yana zaune ne a wani shimfiɗaɗɗen fili na baƙar ƙasa daf da iyakar Kamaru, inda da zarar damina ta kankama ruwa yakan kwanta bisa hanyoyi, laka ta riƙe ƙafar mota, har garin ya zama tamkar tsibiri watanni a jere, ba a shigarsa sai da jirgi mai saukar ungulu ko kwalekwale. A nan ne dubun-dubatar bayin Allah, Barebari da Larabawan Shuwa da sauransu, waɗanda fitina ta raba da gonakinsu da dabbobinsu, suka taru suka kafa bukkokin kara da tamfol, suka dogara bayan Allah ga abin da ma'aikatan agaji ke kawowa na hatsi da magani.

Wanda ya san asibitin irin wannan wuri ya san ba gini ne na a zo a gani ba. Tun kafin hantsi ya dubi ludayi mata sun yi layi a ƙofar tanti, kowace da goyo, wata da biyu. Malamar asibiti ta ɗauki ɗan zirin awo ta naɗa a damtsen yaro, in ya tsaya a kan ja ta san tamowa ta ci ƙarfinsa, sai ta miƙa wa uwar ƙunshin markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ta ja mata kunne cewa wannan magani ne na ɗan nan shi kaɗai, kada a raba wa yayyensa, alhali kuwa tana sane da cewa su ma yunwar ce ke cinsu. Da dare kuwa, lokacin da dokar hana fita ta rufe gari, aikin ungozoma ne ya rage, domin naƙuda ba ta jiran asuba, kuma a wannan ƙasa mace ba ta yarda namiji ya karɓi haihuwarta sai bisa tsananin larura. Ungozoma guda, da tocila da almakashi da ruwan zafi, ita ce tsakanin mai jego da kushewa.

Waɗannan mutane ne masifa ta auka wa daga sama da ƙasa. Ran 17 ga Janairu, 2017, jirgin yaƙin Nijeriya ya saki bama-bamai a kan sansanin 'yan gudun hijirar, mutane masu yawa suka halaka, cikinsu har da ma'aikatan sa-kai shida na ƙungiyar Red Cross, daga bisani kuma rundunar soja ta ce kuskure ne. Ran 1 ga Maris, 2018, mayaƙan 'yan tada ƙayar baya suka afka wa garin da dare, suka kashe ma'aikatan agaji uku, ɗayansu likita, suka tafi da mata uku ma'aikatan lafiya. Daga cikin matan nan, Saifura Hussaini Ahmed Khorsa, ungozoma, aka kashe ta a watan Satumba na shekarar, sa'an nan aka bi ta da Hauwa Mohammed Liman a watan Oktoba, tana da shekara 24 a duniya. Allah ya jiƙansu da rahama.

Abin da ya fi damuna shi ne asarar da ba ta shiga lissafi. Bayan harin Maris ƙungiyoyi suka kwashe ma'aikatansu suka dakatar da aiki, kuma ba wanda zai zarge su. Amma macen da jini ya ɓalle mata a daren da tanti yake rufe, da yaron da zazzaɓin cizon sauro ya sanƙarar, su ma wannan hari ne ya kashe su, ko da yake ba a ambaci sunansu a rediyo ba.

Doka kuwa ba ta yi shiru ba. Yarjejeniyar Janiba ta 1949 ta haramta taɓa asibiti da masu jinya, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya jaddada haka a ƙudurinsa mai lamba 2286 a shekarar 2016. Tun kafin wannan da ƙarnoni, malaman fiƙihu sun tabbatar da cewa wanda bai ɗauki makami ba jininsa haramun ne, wanda aka ba amana kuwa cin amanarsa yaudara ce abar ƙyama. Kuma littattafan sira sun kawo labarin Rufaida, wadda aka kafa wa tanti a masallacin Madina tana jinyar waɗanda suka ji rauni. Saboda haka duk mai kashe ungozoma da sunan addini ba shi da hujja ko ta ƙwayar zarra.

Hukuma ma akwai hakki a wuyanta: ta nisanta barikin soja daga asibiti, ta tantance kafin ta saki wuta, in an yi ɓarna ta bayyana sakamakon bincike a fili, ta biya diyya. Ku kuma malamai masu hawa mumbari ran Juma'a, ina roƙonku ku faɗi wannan hukunci da babbar murya, ku ambaci ma'aikatan lafiya ƙarara a huɗubarku, domin samarin da ake ruɗa su shiga daji daga cikin masu sauraronku suke fitowa.