Yadda Ake Magance Zafi A Cikin Ƙaramar Kwamfutar Wasanni

Duk wanda ya taɓa daɗewa yana buga PUBG Mobile ko Free Fire a waya ya san yadda bayan wayar ke ɗaukar zafi, wasan kuma ya fara sarƙewa. Abin da ke faruwa shi ne furosesa tana rage gudu da kanta don kada zafi ya lalata ta. Haka ma kwamfutar wasanni take yi, sai dai ita lantarkin da take ci ya ninka na waya nesa ba kusa ba. Matsalar ta fi tsanani a ƙananan kwamfutocin da ake yayi yanzu, waɗanda ake haɗawa a kan madabod ɗin Mini-ITX mai faɗin santimita 17 a kowane gefe.

Daga ina zafin yake fitowa?

Kusan duk lantarkin da kwamfuta ta ja zafi yake komawa. Katin girafik na RTX 4060 yana cin wat 115, RTX 4070 wat 200, shi kuwa RTX 4090 har wat 450. A babban akwati, zafin yana da filin bazuwa kafin fanka ta fitar da shi. Amma akwati irin Cooler Master NR200 lita 18 ne kawai, Fractal Design Terra kuma bai wuce lita 10 da ɗoriya ba. Idan iska mai zafi ta rasa mafita, sai fankar katin ta sake shaƙar abin da ta hurar, zafi ya riƙa hauhawa.

Furosesar AMD Ryzen 7000 da yawa iyakarsu digiri 95 ne a ma'aunin Salshiyos, na Intel da dama kuma 100. Da an kai nan, gudu zai ragu. Wato mutum ya zuba kuɗi masu yawa, amma aikin mai araha yake samu, ga ƙarar fanka kamar injin niƙa.

Iska na buƙatar ƙofar shiga da ta fita

Yawan fanka ba ya maganin komai idan kowace tana hura inda ta ga dama. Abin da ake so shi ne hanya ɗaya, gajera, wadda ba a tare ba. Xbox Series X misali ne mai kyau: fanka ɗaya ce mai milimita 130 a samansa, tana jawo iska daga ƙasa, ta ratsa kayan ciki, ta fice ta sama.

A akwati irin NR200 ma wannan tsarin ake bi. Fankokin ƙasa su turo iska mai sanyi kai tsaye zuwa katin girafik, na sama su fitar da mai zafi. Don gane inda fanka take hurawa, a duba gefen da ke da sandunan da suka riƙe motar, ta nan iska take fita. Wasu kuma suna da kibiya a jiki.

Akwai kuma akwatunan da ake raba cikinsu biyu, madabod a gefe ɗaya, katin girafik a ɗaya gefen, su ba wa juna baya, kamar Terra. A nan kowane ɓangare ta murfin gefensa yake shaƙar iska, don haka murfi mai ƙofofi ko raga dole ne. Murfin gilashi yana da kyan gani, amma toshe numfashi yake yi. Kafin sayen na'urar sanyaya furosesa, a fara duba tsayin da akwatin ya yarda da shi. Noctua NH-L9i, alal misali, milimita 37 ce kacal, tana shiga matsatsin wuri, sai dai ba a ɗora mata furosesa mai cin wuta sosai. Kebul ɗin ciki ma a ɗaure su a gefe, kada su tsaya a gaban fanka.

Rage zafin tun daga tushe

Zafin da ba a haifar ba, ba sai an wahala wajen fitar da shi ba. Da manhajar MSI Afterburner ana iya rage iyakar wutar da katin girafik ke ja, ko a sauke ƙarfin lantarkin da yake aiki da shi. Sau da yawa zafi da ƙara suna raguwa sosai, gudun wasa kuwa kaɗan yake sauka. Masu Ryzen suna da Eco Mode da Curve Optimizer a cikin BIOS. Sharaɗin shi ne a riƙa saukewa a hankali ana gwadawa, domin idan aka wuce gona da iri, wasa zai riƙa rufewa da kansa.

Zafin ɗaki da ƙura

Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa ciki. Idan zafin ɗaki ya ƙaru da digiri 10, kayan ciki ma kusan haka za su ƙaru. Yawancin gwajin da ake gani a YouTube a ɗaki mai sanyi ake yin sa, don haka wanda ke Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kada ya sa ran ganin lambobi iri ɗaya.

Lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Yana da kyau iskar da ke shiga ta ɗan fi mai fita yawa, kuma ta bi ta ragar tace ƙura, don kada ƙurar ta kutsa ta kowace kafa. A riƙa cire ragar ana kakkaɓewa. Wajen hure cikin kwamfutar, a cire ta daga wuta, a riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa. Kada a ajiye ta a kan kafet, ko a cikin kabad, ko a manna ta da bango.

Kafin a kashe ko sisi, a sauke manhajar HWiNFO kyauta, a buga wasa na minti 30, a duba zafin. Sannan a cire murfin gefe a sake gwadawa. Idan zafin ya sauka sosai, hanyar iska ce ke buƙatar gyara. Idan bai sauya ba, sai a duba na'urar sanyaya furosesa da man da ake shafawa tsakaninsu, wataƙila ya bushe.