Tarwada ko Karfasa: Da Wacce Zan Fara?

Tambayar nan ta fi kowacce yawa daga masu shirin fara kiwon kifi, kuma amsata takan ɓata wa wasu rai: in tankin siminti ko na tamfol kake da shi a bayan gida, ka fara da tarwada.

Dalilin farko shi ne numfashi. Tarwada tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa kake ganin tana leƙowa saman ruwa. Ko ruwan ya yi ƙarancin iska za ta jure, kuma za ka iya zuba da yawa a ƙaramin waje. Karfasa ba ta da wannan gatan. Wuta ta ɗauke da daddare, famfo ya tsaya, tanki kuma a cunkushe, to da asuba sai dai ka kwashe gawa.

Amma tarwada akwai ci. Abincinta yana buƙatar furotin wajen kashi 40 cikin 100, kuma abinci ne ke lashe fiye da rabin kuɗin kiwon. Sannan manya suna cinye ƙanana, dole ka riƙa tace su kana raba su gida-gida tun suna 'yan yara. In ka ciyar da ita yadda ya kamata, cikin wata biyar zuwa shida tana iya kai kilo ɗaya. In kuɗin abinci ya yanke a wata na uku fa? Nan ne mutane da yawa ke sayarwa da asara.

Karfasa ta fi sauƙin ciyarwa. Furotin wajen kashi 30 ya ishe ta, kuma a kududdufin ƙasa tana cin gansakukar da ke sa ruwa ya yi kore. Mai kaji ma ya samu, don kashin kaji kaɗan yana haɓaka wannan koren.

Matsalarta haihuwa. Ni kaina na sha ta. Bayan na gama makaranta na sayi 'ya'yan karfasa, mai sayarwar ya rantse min duk maza ne. Ashe gauraye ne. Macen karfasa tana fara haihuwa tun tana 'yar ƙarama, a bakinta take riƙe ƙwan har ya ƙyanƙyashe, kuma a lokacin ba ta cin abinci. Wata shida na ja raga, wallahi kifi kamar ƙasa, amma yawancinsu ba su kai tafin hannuna ba. Dillali ya duba ya yi dariya ya tafi. Shi ya sa masu kiwon karfasa da gaske, irin na keji a tafkin Volta na Ghana, maza zalla suke zubawa.

Sai ranar sayarwa. Tarwada za ta wuni da ranta a cikin baho da ɗan ruwa, in ciniki bai faɗa ba ka mayar da ita tanki ko ka yi banda. Karfasa tana fita ruwa ba ta daɗewa, sai ƙanƙara ko mai saye a tsaye.

In kana da fili, da ruwa wadatacce, da wanda ka amince zai ba ka maza zalla, karfasa za ta rage maka kuɗin abinci sosai. In ba haka ba, tarwada, kuma ka lissafa kuɗin abincin wata shida kafin ka sayi ɗan kifi ko guda.