Turmin da Cikinsa Ya Cinye, Ɗaurin Baki Ba Ya Cetonsa

Duk matar da ta san daka a Tsafe ko Bungudu ta san lalacewar turmi iri biyu ce. In bakinsa ne ya tsage, sai a ɗaure shi da langa-langa, a ci gaba da surfe shekara da shekaru. In kuwa cikinsa ne ya cinye da dukan taɓarya, ɗaurin baki asarar ƙarfe ne, sai dai masassaƙi ya sassaƙo sabo.

Haka gaɓar kwatangwalo take. Kan ƙashin cinya yana juyawa cikin gurbi, guringuntsi ya lulluɓe su duka, wani zobe mai taushi kuma ya kewaye bakin gurbin. Akwai tiyatar da ake yi ta ƙananan huji biyu ko uku, a zura kyamara da siraran kayan aiki, a ɗinke zoben in ya yage, a kankare ƙashin da ke gogarsa. Wannan gyaran baki ne, ba ya dawo da guringuntsin da amosanin gaɓɓai ya cinye.

Wani gwaji da aka yi a Birtaniya kan mutum 348, wanda mujallar Lancet ta buga a 2018, ya nuna tiyatar ta ɗan fi motsa gaɓa a hannun ƙwararru amfani. Sai dai yawancinsu matasa ne, kuma ba a saka waɗanda amosani ya riga ya ci gaɓarsu ba. A Amurka kuwa, likita Marc Philippon ya bi diddigin waɗanda suka kai shekara 50 da aka yi wa wannan tiyata, ya gano cewa in tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan ba ta wuce milimita 2 ba, da yawa sukan ƙare da sauya gaɓar ɗungurungum. Dattijon da guringuntsinsa ke da saura kuwa yana iya samun sauƙi sosai.

Saboda haka, kafin a sayar da gona ko shanu a nufi Indiya ko Masar, a fara kai Baba ko Inna Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Yariman Bakura a ɗauki hoton ƙashi. In ta kama, a nemi takardar zuwa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. A tambayi likita kai tsaye: guringuntsin nan da saura, ko ya ƙare? Amsarsa ce za ta nuna aikin da ya dace da iyayenmu.