Giciyen Agadas da Taswirar Nijar a Ƙirjin Riga: Wa Ke Cin Riba?

Duk wanda ya tsallaka gadar Kennedy ya gangara Kirkissoye ana gab da sallah, ya leƙa shagunan teloli, zai ga adon riga ya sake. A inda aka saba ganin aska biyu ko aska takwas, yanzu sai ka ga giciyen Agadas da zaren azurfa a ƙirjin shadda, ko taswirar Nijar a bakin aljihu, wani lokaci da taurari kewaye da ita. Ƴan mata ma suna sa a yi musu shi a gefen mayafi.

Wannan giciye ba yau ya fara tafiya ba. Maƙeran Abzinawa ne ke zubinsa tun kaka da kakanni: su siffanta shi da kakin zuma, su lulluɓe da yumɓu, su gasa har kakin ya narke ya fita, su zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa, sannan a zauna da magagari ana zane. Akan lissafa irinsa ashirin da ɗaya, kusan kowanne da sunan gari: Agadas, Ingal, Iferwan, Tahoua, Bilma, Damagaram. In ka jera su, kamar ka shimfiɗa taswirar ƙasar ne da azurfa. Wasu na cewa rassansa huɗu kusurwowin duniya ne, wasu kuma na danganta shi da taurarin da ayari ke bi da dare. Ko ba komai, mutanen da suka ƙera shi sun san sama kamar tafin hannunsu. Taurarin da Bahaushe ke kira Kaza da ƴaƴanta su suna ce musu ƴan matan dare.

Me ya fito da shi daga wuyan mata ya hau tufafi? Mai tsara tufafi Alphadi na da hannu babba. Tun da ya buɗe bikin nuna tufafi na FIMA a Tigidit kusa da Agadas a 1998, ya nuna wa matasan teloli cewa adon gida na iya shiga gaban manyan duniya ba tare da jin kunya ba. Sai kuma tawayen 2007 da sace Turawa a Arlit a 2010 suka kashe yawon buɗe ido a arewa, maƙera suka ƙara dogara da kasuwar Yamai, a cibiyar masu sana'ar hannu ta Wadata da gidan tarihi na Boubou Hama. Wayar hannu ta ƙarasa aikin: mai riga ya zo da hoto daga Facebook ko TikTok ya ce wa tela, irin wannan nake so. Taswira kuwa siyasa ce ta kawo ta. Daga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da kafa ƙawancen ƙasashen Sahel na AES a Satumban shekarar, sa tuta da taswira a jiki ya zama hanyar nuna kishin ƙasa.

Amfanin a fili yake. Kirkissoye unguwa ce ta masu ƙaramin ƙarfi, wadda ambaliyar 2020 ta yi wa ɓarna, kuma tana kusa da Jami'ar Abdou Moumouni, inda ɗalibai ke son sabon yayi mai araha. Tela ya samu ɗinki, yaron shago ya koyi sana'a, kuɗin ya tsaya a unguwa. Bazabarme da Bafillatani da Bahaushe kuma suna sa alamar Abzin suna jin tasu ce, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da ta sha tawaye sau biyu.

Abin da ke damuna shi ne maƙerin. Keken surfani mai kwamfuta na fitar da giciye cikin mintuna, shi kuwa sai ya wuni a bakin zuga-zugi kan guda ɗaya. Mai saye da ya samu alamar a riga ba ya neman ta azurfa. Ga kuma yadin da ake bugawa a waje da zanenmu a kai, a dawo a sayar mana, ba ko dala da ta isa hannun masu zanen. Sunaye ma suna ɓata: na Ingal da na Tahoua duk sun koma “na Agadas” a bakin masu saye, don tela bai san bambancin ba, ba kuma wanda ya koya masa.

Ina kira ga masu shirya baje kolin sana'ar hannu na SAFEM da FIMA da su haɗa teloli da maƙera a rumfa ɗaya, tela ya sayi maɓallai da ƙananan giciye na hannu ya ɗora a rigarsa. Kai kuma mai saye, in za ka sa giciye a ƙirjinka, tambayi na wane gari ne kafin ka biya.