04/11/2025: Ranar da Ta Hana Hajiya Umrar Azumi

Duk mai karatun kwamfuta a gidan Bahaushe a Turai ya san hukuncinsa: daga gyaran wayar Baba har rajistar ƙungiya, duk a kansa suke ƙarewa. Haka ta faru da ni a ƙarshen 2024. Kawu ya miƙo min takardun masu niyyar Umrar azumi daga ƙungiyarmu ta nan Landan, ya ce, "Kai ɗan jami'a, zuba mana su a na'ura, ka duba wanda fasfonsa ya kusa mutuwa." Saudiyya dai tana son fasfo ya zama da sauran wata shida aƙalla.

Na ce an gama, Kawu. Na buɗe SQL Server, rumbun bayanan da muke koyo da shi a makaranta, na zuba komai. A cikin takardun akwai ta wata Hajiya, aminiyar mamanmu, wadda ɗanta da ke Amurka ya cike mata. Ya rubuta cewa fasfonta zai ƙare 04/11/2025. Ni da na tashi a Ingila, na karanta 4 ga Nuwamba. Azumi a Maris ne, ka ga akwai sarari. Ashe yadda Amurkawa ke rubutu ya bi, wata kafin rana: 11 ga Afrilu yake nufi. Sai da aka zo neman biza abin ya fito fili, lokaci kuma ya ƙure. Hajiya ba ta ce min komai ba, wallahi shirun nan nata ya fi faɗa zafi.

To ina matsalar take? Kwamfuta ba ta san abin da ke ran mai rubutu ba. Idan ka ba ta 04/11/2025 a matsayin rubutu zalla, da tsarin harshen da aka saita ta za ta fassara. A SQL Server kai za ka faɗa mata, ta hanyar lambar salo:

CONVERT(date, '04/11/2025', 101) zai ba ka 11 ga Afrilu, salon Amurka.
CONVERT(date, '04/11/2025', 103) zai ba ka 4 ga Nuwamba, salon Ingila da Faransa.

Dukansu biyu za su wuce lafiya lau, ba ko tari. Na'ura ba ta ƙorafi sai ranar ta haura 12, tunda babu wata na 13. Yi lissafi da kanka: ranaku 144 a shekara ba su haura 12 ga wata ba. Cire 12 da juyawa ba ta canza su, irin 05/05, saura 132 da za su iya rikiɗa a ɓoye. Dattawanmu da aka rubuta wa 1 ga Janairu saboda rashin takardar haihuwa, su kam sun huta da wannan rigima.

Amma ba su huta da wata ba. Idan ka rubuta shekara da lamba biyu, SQL Server yana ɗaukar 00 zuwa 49 a matsayin 2000 zuwa 2049, sai in an canza saitin. Wato Alhajin da aka haifa a 48, a wurin na'ura ba a ma haife shi ba tukuna. MySQL kuma nasa yankan daban: 70 zuwa 99 ne kawai yake mayarwa ƙarnin da ya wuce.

Sai 'yan uwanmu na Makka da Jidda, waɗanda da yawansu ranar haihuwarsu da Hijira take. SQL Server yana da salo 130 da 131 don wannan, sai dai lissafin Kuwait yake bi, Saudiyya kuwa da kalandar Ummul Ƙura take lissafin Hijira. Sukan saɓa da kwana ɗaya ko biyu. Don haka in takarda ta zo da Hijira, ajiye ainihin abin da aka rubuta a gurbi daban, kada ka goge shi bayan ka juya.

Ga abin da na koya, da tsada. Na farko, kwanan wata a ajiye shi a gurbi mai nau'in DATE, ba a matsayin rubutu ba. Nau'in yana nan a SQL Server tun fitowar 2008. Na biyu, lokacin shigarwa a tambayi daga ina takardar ta fito, a sa lambar salon da ta dace. A MySQL aikin STR_TO_DATE ne, a Oracle kuma TO_DATE. Na uku, in za ku tura wa juna bayanai, ku bi ISO 8601, ƙa'idar da aka fitar a 1988: shekara, wata, rana. Hattara dai, tsohon nau'in DATETIME yana iya juya 2025-04-11 idan harshen saitin na Ingila ne. Rubuta 20250411 a manne, wannan ba ya rikiɗa. Na huɗu, kwalliya sai lokacin nunawa: CONVERT(varchar(10), ranar, 103) ga Kawu, 101 ga na Amurka, ainihin ranar tana zaune inda take.

Abin da ya fi ba ni kunya, fasfon kansa da haruffa yake rubuta wata, don gudun irin wannan. Da na ce a turo min hoton shafin, da magana ta ƙare a minti ɗaya. Yanzu fam ɗin ƙungiyarmu gurbi uku gare shi, watan kuma zaɓarsa ake yi da suna, daga Janairu zuwa Disamba.

Hajiya ta sabunta fasfo, ta yi Umrarta bayan Babbar Sallah, har ta kawo min dabino da zamzam. Na karɓa kaina a sunkuye. In an ba ka irin wannan aiki a gida, ɗan uwa, tambayi mai takarda kafin ka tambayi na'ura. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.