Daraktocin Fim da Saurin Aiki: Me Ke Sa Wani Ya Yi Fim 140, Wani Ya Yi 13?

Duk wanda ya jera sunayen manyan daraktocin fim na duniya ya kuma ƙirga ayyukan da kowannensu ya bari, zai tarar da tazarar da ke tsakaninsu ta wuce abin da za a danganta ga bambancin himma kawai. John Ford na Amurka ya ba da umarni a fina-finai sama da 140 tsakanin 1917 da 1966, alhali Stanley Kubrick, wanda shi ma ba a barin sunansa idan ana lissafin gwanaye, fina-finai 13 kacal ya kammala a cikin shekara 46. Bajamushen nan Rainer Werner Fassbinder ya rasu a 1982 yana da shekara 37 a duniya, amma ya riga ya yi fina-finai sama da 40, yayin da K. Asif na Indiya ya bar duniya da fina-finai 2 kawai da ya kammala da hannunsa. Darakta, wato mai ba da umarni, shi ne wanda ke yanke hukunci a kan yadda jarumai za su yi wasa, da inda za a kafa kyamara, da abin da mai kallo zai gani daga farkon fim zuwa ƙarshensa, sai dai ba kasafai yake zama mai kuɗin aikin ba, kuma daga wannan gaɓa ce mafi yawan bambancin ke tasowa.

Aikin fim matakai uku ne. Akwai matakin shiri, inda ake rubuta labari, a nemo kuɗi, a zaɓi jarumai da wuraren ɗauka. Akwai matakin ɗauka, lokacin da ake fita da kyamara da ma'aikata. Sannan akwai matakin tacewa, inda ake yanka hotunan da aka ɗauka a jera su, a haɗa musu sauti da kiɗa. Matakin ɗauka shi ne mafi gajarta a bisa al'ada, domin makonni ne ko 'yan watanni, amma shi ne mafi cin kuɗi, saboda kowace rana sai an biya jarumai da ma'aikata da hayar kayan aiki. Don haka idan aka ce darakta mai sauri ne, ana iya nufin yana gama ɗauka da wuri, ana kuma iya nufin ba ya daɗewa tsakanin fim da fim, kuma waɗannan abubuwa biyu ba dalili ɗaya ke haifar da su ba.

Yawan fina-finan Ford da tsararrakinsa ya samo asali ne daga tsarin da manyan kamfanonin Hollywood suka yi aiki da shi daga shekarun 1920 zuwa ƙarshen shekarun 1940. A wancan zamani kamfani ɗaya ne ke riƙe da marubuta da jarumai da daraktoci a kan kwantiragi, shi ne kuma mamallakin gidajen siniman da za a nuna fim ɗin, saboda haka dole ne ya riƙa fitar da sabon fim a kai a kai domin kada gidajen nan su zauna babu abin nunawa. Darakta ma'aikaci ne mai albashi, ana miƙa masa rubutaccen labari, ya ɗauka, ya miƙa wa masu tacewa, ya wuce zuwa na gaba. Da haka ne Michael Curtiz, wanda ya zo daga Hungary, ya yi wa kamfanin Warner Bros fina-finai sama da 80, ciki har da Casablanca na 1942 wanda ya ba shi lambar Oscar. Ford kuwa a shekarar 1939 kaɗai fina-finansa 3 suka fito, Stagecoach da Young Mr. Lincoln da Drums Along the Mohawk, kuma saurinsa bai hana shi lashe lambar Oscar ta gwarzon darakta har sau 4 ba, adadin da babu wanda ya kamo har yau. An san shi da ɗaukar abin da yake buƙata kawai ba tare da ƙari ba, wanda hakan ke rage kwanakin aiki, ya kuma hana masu kamfani samun hotunan da za su sauya masa fim da su a ɗakin tacewa. A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin da ya tilasta wa kamfanonin rabuwa da gidajen sinimansu, kuma daga nan tsarin ya fara rushewa, har aka kai ga kowane fim sai an nemo masa kuɗinsa daban.

Rayuwar Akira Kurosawa na Japan ta fi kowace nuna ƙarfin wannan dalili, domin mutum ɗaya ne ya yi zamani biyu. Daga 1943 zuwa 1965 ya yi fina-finai 23, kusan ɗaya ke nan a kowace shekara, kuma a cikinsu ne Rashomon da Seven Samurai suke. Bayan nan talabijin ta janye masu kallo daga gidajen sinima a Japan, kamfanoni suka daina sa kuɗi a manyan ayyuka irin nasa, sai ya koma fim ɗaya duk bayan shekara 5, wato 1970, 1975, 1980, 1985 da 1990. Tarayyar Sobiyet ce ta ɗauki nauyin Dersu Uzala, George Lucas da Francis Ford Coppola ne suka sa baki aka samu kuɗin kammala Kagemusha, shi kuwa Ran da kuɗin wani furodusa daga Faransa aka yi shi. Babu alamar cewa basirarsa ta ragu ko lalaci ya kama shi a waɗannan shekaru, domin a lokacin da yake jiran kuɗi ya riƙa zana fitowar fina-finansa ɗaya bayan ɗaya da fenti. Irin wannan jira shi ne ya cinye rayuwar aikin yawancin daraktocin Afirka na farko. Ousmane Sembène na Senegal ya shafe shekara 11 tsakanin Ceddo na 1977 da Camp de Thiaroye na 1988, ya kuma rasu a 2007 bai samu yin babban fim ɗin da ya daɗe yana buri a kan Samori Ture ba, yayin da ɗan ƙasarsu Djibril Diop Mambéty ya yi Touki Bouki a 1973 bai sake yin dogon fim ba sai a 1992.

Waɗanda suka ci gaba da sauri bayan rushewar tsarin kamfanoni sun yi haka ne ta hanyar kafa wa kansu ƙaramin kamfani na mutanen da suka saba da juna. Fassbinder ya fito ne daga dandalin wasan kwaikwayo na birnin Munich, ya kuma taho da abokan aikinsa na can, irin su jaruma Hanna Schygulla, yana amfani da su fim bayan fim, shi ke rubuta labari, wani lokaci ya fito a ciki, wani lokaci ya yi tacewa da kansa. Ɗaya daga cikin fitattun ayyukansa, Ali: Fear Eats the Soul na 1974, a cikin kimanin mako 2 aka ɗauke shi. Sai dai bai kamata a ɗauki rayuwarsa abin koyi ba, domin ya haɗa aikin dare da rana da shan miyagun ƙwayoyi, kuma su ne suka yi ajalinsa. Clint Eastwood ya nuna cewa ana iya yin sauri cikin natsuwa: ya fara ba da umarni a 1971, ya yi fina-finai kusan 40, yana riƙe da ma'aikata iri ɗaya shekara da shekaru, yana wadatuwa da ɗauka ɗaya ko biyu a yawancin fitowa, kuma ya shahara da gama aiki kafin wa'adi ba tare da ƙetare kasafin kuɗi ba. Fim ɗinsa Juror #2 ya fito a 2024 yana da shekara 94. Wannan suna na riƙon amana shi ne jarinsa, domin kamfanin da ya san ba za a ɓarnatar masa da kuɗi ba ba ya jinkirin amincewa da aiki na gaba.

Jinkirin Kubrick daban yake da na Kurosawa, domin shi ba kuɗi ya rasa ba. Tun daga farkon shekarun 1970 kamfanin Warner Bros ya sakar masa mara, yana zaune a Ingila nesa da Hollywood, yana aiki yadda ya ga dama. Yakan shafe shekaru yana bincike kafin ya taɓa kyamara, kamar yadda ya yi a kan tarihin Napoleon, fim ɗin da bai taɓa yi ba duk da tarin littattafai da hotunan da ya haɗa. Idan kuma aka fara ɗauka, yakan sa jarumi ya maimaita fitowa ɗaya sau da dama, har ya kai gomiya, domin a wurinsa gaban kyamara ne ake gano abin da ake nema, saɓanin Ford da ke zuwa da fim ɗin a shirye cikin kansa. Yana rage yawan ma'aikata domin kuɗin kowace rana ya yi sauƙi, ya sayi lokaci da rarar. Shekara 7 ce tsakanin The Shining na 1980 da Full Metal Jacket na 1987, sannan shekara 12 kafin Eyes Wide Shut, wanda ɗaukarsa ta ci kwana 400 har ta shiga kundin Guinness, shi kuma ya rasu a watan Maris na 1999 kafin fim ɗin ya fito. Masu yabonsa suna ganin sakamakon ya biya wahalar, kuma da wuya a musa hakan a kan 2001: A Space Odyssey, amma jinkirin ya yi masa hasarar da ba a cika ambata ba. Ya ajiye wani fim da ya daɗe yana shiryawa a kan kisan Yahudawa a Turai a daidai lokacin da Steven Spielberg ya yi Schindler's List, wanda ya fito a 1993, shekarar da Spielberg ɗin ya kuma fitar da Jurassic Park.

Masu kallon fina-finan Indiya a ƙasar Hausa sun san misalan ɓangarorin biyu ko da ba su san sunayen daraktocin ba. A shekarar 1977 kaɗai Manmohan Desai ya fitar da fina-finai 4, Amar Akbar Anthony da Dharam Veer da Parvarish da Chacha Bhatija, kuma dukkansu sun yi kasuwa. Hakan ya yiwu ne saboda a Bombay ta wancan lokaci jarumai na yin fina-finai da yawa a lokaci guda, su yi wa wannan aiki da safe su yi wa wancan da yamma, saboda haka darakta mai wayo yakan tura ayyuka da dama tare maimakon ya zauna jiran jarumi ɗaya. K. Asif kuwa ya fara shirin Mughal-e-Azam a 1944, rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 ta raba shi da mai kuɗin aikin, aka sake jarumai aka sake farawa, fim ɗin bai fito ba sai 1960, kuma ya riƙe kambin fim mafi kawo kuɗi a Indiya na tsawon shekara 15.

Daga waɗannan misalai za a ga cewa karin maganar nan ta sauri ya haifi nawa ba ta cika aiki a wannan sana'a ba, kamar yadda daɗewa ba ta tabbatar da inganci. Casablanca fim ne na kamfani da aka fara ɗauka tun ba a gama rubuta ƙarshensa ba, ga shi har yau ana kallonsa, kuma akwai fina-finan da aka shafe shekaru ana yi waɗanda babu mai tuna su. Wani tsawaita aikin ma ba zaɓi ba ne, tangarɗa ce, kamar yadda Jaws na Spielberg ya tashi daga kwana 55 da aka tsara zuwa 159 saboda wahalar aiki a teku da yawan lalacewar kifin roban da aka ƙera masa inji. Haka kuma wanda ke yawan aiki yana koyo daga kuskurensa da wuri, kuma faɗuwar fim ɗaya ba ta durƙusar da shi, alhali mai fim ɗaya a shekara 10 ya ɗora dukkan ƙwansa a kan aiki guda.

Wannan batu ya shafi Najeriya kai tsaye, domin masana'antar fim ta kudu da ta arewa, wato Kannywood, duka a kan sauri aka gina su. Tun daga Turmin Danya na 1990 a Kano da Living in Bondage na 1992 a kudu, kasuwar kaset da faifai ce ta tsara yadda ake aiki: jari kaɗan ne, masu satar fasaha na kwafe fim cikin 'yan kwanaki, don haka sai an ɗauka da gaggawa an sayar da gaggawa kafin a mayar da kuɗi a yi wani. A kudu har laƙabi aka yi wa marigayi Chico Ejiro saboda yawan fina-finansa. Yanzu da kasuwa ta koma YouTube da tashoshin talabijin, fina-finai masu dogon zango sun ɗora wa daraktoci wani sabon matsi na fitar da kashi a kowane mako.

Gajartar kwanakin ɗauka ba ita ce babbar illar wannan tsari ba, tun da Fassbinder da Eastwood sun yi ayyukan da duniya ta yaba cikin 'yan makonni. Illar tana wurin gaggauta matakin shiri, inda ake fita wurin ɗauka da labarin da bai nuna ba, a bar jarumai su ƙirƙiri zance a gaban kyamara, a kuma ja fitowa ɗaya ta yi tsawo domin cike lokaci. Matakin rubutu shi ne mafi arha a cikin matakai ukun, domin ba ya buƙatar hayar kyamara ko ciyar da ma'aikata, don haka furodusan da ba shi da kuɗin ƙara kwanakin ɗauka yana da halin ba marubuci da darakta ƙarin watanni kafin a fita aiki, kuma a nan ne ya kamata masu zuba jari a Kannywood su fara kashe lokacinsu.